Hodar da Na Shafa wa Ndagi

Bazarar bana ta zo da rashin kunya. Tun ƙarfe tara na safe kwanon ɗakina yake fara ƙara kamar ana suyar gyaɗa a kansa, ƙadangaru ma sun daina gyaɗa kai, sai dai su buɗe baki su zuba wa mutum ido. Shekaranjiya aka koro jikata daga makarantar rainon da ake kai ta a unguwar Sauka Kahuta, wai jikinta da ɗumi. 'Yar shekara biyu, an koro ta da takarda har da hatimi, kamar ma'aikacin da ya ci amanar gwamnati.

Uwarta, matar ɗana, ta shigo tana huci. "Baba, ka ga mutanen nan? 'Yar mura ce fa. Wai sai ta kwana biyu babu zazzaɓi kafin su karɓe ta. To ni in bar aiki in zauna?"

Na sa tabarau, na duba takardar ta gaba da ta baya. Na ce, "Ba su san aiki ba. A zamanin da nake hedimasta ba a taɓa korar ɗalibi ko ɗaya ba."

Ta yi dariya, don ta ɗauka cikin surutaina ne. Ba ta san na taɓa yin hedimasta ba. Na yi kuwa.

Ni ne Audu Masinja. Na yi boko har aji huɗu da rabin zango, kuma da ba don malamin lissafi ya tsane ni ba, da yanzu wani labarin ake yi. Da Minna ta zama babban birnin jiha na samu aikin kai takardu a sakateriya, da kaki da keke. A shekarun nan garin ya cika da wata irin halitta da ba mu saba gani ba, wato mata masu zuwa ofis: masu buga tafireta, malaman makaranta, masu ɗaga waya. Sun baro iyayensu a ƙauye, sun haihu a birni, babu mai riƙe musu jariri.

Matata Asabe ta fara da ɗan maƙwabciya guda ɗaya, don tausayi. Gidanmu a unguwar Fadikpe ɗaki biyu ne da bishiyar mangwaro. Kafin shekara ta zagayo yara sun kai goma sha ɗaya, na ma'aikata da na matan kasuwa. Asabe ke goyo, ita ke wanki, ita ke dama koko, ita ake yi wa fitsari a zane. Ni kuma na ɗauki ɓangaren da ya fi wuya, wato shugabanci. Da safe ina tsayawa a ƙofar gida cikin kaki in karɓi yara, iyayen suna cewa, "Ina kwana, Baba Hedimasta." A ofis kuwa matan nan su ne ke aikena sayen ƙosai. Duk wanda bai taɓa yin masinja ba ba zai san daɗin wannan gaisuwa ba.

Na kafa dokoki irin na makaranta. Koko a moɗa ɗaya, ana bi da layi, babba kafin ƙarami. Da rana ta take, Asabe ta zuba ruwa a daro, ta tsoma tsumma, a goge fuska da hanci da wuya, nan ma da layi, dogo a gaba, jarirai a ƙarshe. Bayan nan a yayyafa ruwa a simintin ɗakin ciki, wanda ya fi ko'ina sanyi, a shimfiɗa tabarmi biyu, a jera su kamar kifi a faranti, a ja ƙofa saboda ƙuda. Kowace takardar gwamnati da aka ba ni da tsakar rana, ko ina za ta, sai ta biyo ta Fadikpe don in duba ko ana bin tsari.

Kuma na yi nazari, ba zama kawai na yi ba. Na lura duk yaron da aka kawo sabo, mai ƙiba, mai sheƙi, wanda bai san kowa ba sai uwarsa, ba ya cika mako biyu sai hanci ya tsinke. Daga mura sai tari, daga tari sai gudawa, daga gudawa sai ciwon ido. Wanda ya fara ranar Litinin, zuwa Jumma'a ya raba wa kowa, babu rowa. Sai yaro ya yi wata uku ko huɗu a haka, sannan ya bushe ya yi tauri, ya zama tsohon soja. Na sa wa abin suna jarrabawar shiga. Idan uwa ta yi ƙorafi sai in ce, "Madam, karatu yake yi. Na gida da ba ya mura, jiransa take a firamare."

Mutum ɗaya ce ba ta dariyar wannan magana: Rifkatu, mai buga tafireta a ofishinmu, Bagwariya, 'yar manoman doya daga wani ƙauye a bayan duwatsu. Shekara bakwai ta yi da aure babu haihuwa, sannan ta samu 'ya mace ta sa mata Godiya. Ranar da ta fara kawo ta, ta tsaya a ƙofa ta ƙi sakin zanen goyon.

Ta ce, "Baba Hedimasta, ita ke nan gare ni. Allurar ƙyanda sai ta kai wata tara, haka suka rubuta a katin awo. Ka yi mini alkawari ɗaya. Mura ban damu ba. Amma ranar da ka ga wani yaro da ciwon da ya fi mura, ka faɗa mini a nan bakin ƙofa. Zan juya da ita, in kai wa mamata a ƙauye, ko da za a kore ni."

Na dafa ƙirji, daidai aljihun da nake sa biro. Na ce, "Madam, a aji uku na ci darasin tsabta. Ciwo ba ya wuce ni."

Shekarar da nake magana, damina ta riga ta yaudari mutane, hatsi ya yi wuya, sojoji kuma sun dawo kan mulki da bulala. Madara da sabulu sai an bi layi tun safe, a dawo da gwangwani ɗaya ko a dawo da ciwon ƙafa. A sakateriya ƙarfe takwas ake rufe ƙofa. Na ga manyan mata da ɗankwali mai tsada suna tsallen kwaɗo a rana saboda latti, kuma kowane wata ana liƙa sunayen waɗanda aka sallama. Ba mai fashin aiki don ɗansa ya yi atishawa.

Sai bazara ta sauka a kan wannan duka. Famfon unguwa ya yi tari sau biyu ya mutu. Rijiyar maƙwabta ta koma kunun laka, sai an bar guga ya kwana kafin a samu na sha a samansa. 'Yan garuwa suka zama sarakuna, kana kiransu suna wucewa kamar ba da su kake ba. Ruwan daro ɗaya shi ne na goge yara, shi ne na wanke tsummokinsu, abin da ya rage a yayyafa a siminti. Mangwaro ya nuna yana faɗowa yana fashewa, ƙudaje suka tare a gidanmu da iyalansu. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, manoma su fito suna kallon sama da irin doyarsu a ajiye, sai iska mai zafi ta zo ta watsa shi. Kowane yaro a Minna ya yi kurajen zafi a wuya da goshi, kowace uwa tana bulbula wa nata farar hoda. In ka shigo gidanmu da rana sai ka rantse 'ya'yan masu niƙa ne.

Da hutun Ista ya zo, ma'aikata suka kwashe 'ya'yansu. Rifkatu ta tafi ƙauye da Godiya, wadda ta cika wata bakwai, ta fara zama, haƙora biyu sun leƙo. Aka bar mu da 'ya'yan matan kasuwa guda uku, don kasuwa ba ta san Ista ba. Cikinsu akwai Ndagi, ɗan shekara uku, ɗan Nna Fati, Banufiya daga Bida mai sayar da atamfa a tsohuwar kasuwa, tun ba a yi mafarkin Kasuwar Kure ba.

Ranar Jumma'a ta ajiye shi tana sauri. "Hedimasta, yaro tana da zafi kaɗan. Rana ne."

Na ce, "Nna, yaron dai namiji ne jiya, amma to."

Asabar yana tari, idanu jajur suna ruwa, ba ya son haske. Lahadi ya ƙi koko. Litinin da safe Asabe ta kira ni ɗakin ciki, ta juya kunnen yaron ta nuna mini bayansa. Wasu ƙananan jajayen kuraje sun fito, sun gangaro gefen fuska.

Ta ce, "Malam, ƙyanda ce."

Na sunkuya na duba da idon ilimi. A tsakar gida akwai maƙwabta mata biyu da suka zo roƙon ruwa, suna jinmu. Na ɗaga murya na ce, "Kurajen zafi ne."

"Malam, na yi jinyar ƙannena uku. Dubi idonsa. Buɗe bakinsa ka gani."

"Asabe, aji nawa kika yi?"

Ta saki kunnen yaron.

"To ni na yi huɗu. Kurajen zafi ne. Kawo hoda."

Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce, "Boko dai boko ne." Na ji daɗin wannan magana ƙwarai.

Zuwa yamma kurajen sun rufe fuska sun sauka ƙirji, kuma ko jaki ya san ba na zafi ba ne. Ni ma na sani. Ina so a rubuta wannan da kyau, don ban tsufa da ƙarya a kan komai ba sai abu ɗaya. Na sani. Asabe ta ce, "Gobe ma'aikata za su dawo. Ka tsaya a ƙofa ka mayar da su. Ko ka ce wa Nna Fati ta riƙe ɗanta." Na ce zan duba lamarin. Haka manya ke cewa a ofis in ba za su yi abu ba.

Na duba lamarin kuwa. In na mayar da mata takwas ranar Talata da safe, wasu za su yi tsallen kwaɗo, wata za a liƙa sunanta. Shinkafa da sabulun da suke kawo mana, waɗanda su ke riƙe da gidan a shekarar nan, za su bi su. Kuma kafin azahar duk Fadikpe za ta ji cewa matar da ba ta san alif na boko ba ta kayar da Hedimasta. Cikin ukun nan, in za a matse ni, na ukun ne ya fi nauyi.

Talata da sassafe Nna Fati ta riga kowa zuwa, ta rufe yaron da mayafi. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Ta ce yau ɗaya kawai, ana kawo mata kaya daga Bida, gobe za ta san yadda za ta yi. Na kai shi ɗakin ciki, na zazzage rabin gwangwanin hoda a tafin hannu, na shafe shi tun daga goshi har cibiya. Jikinsa kamar gefen murhu. Ya buɗe jajayen idanun nan a cikin farar fuska ya dube ni, bai ko yi kuka ba. Na ja ƙofa, na gyara kaki, na fita karɓar ɗalibai.

Rifkatu ce ta zo ƙarshe, ƙarfe takwas saura kwata, tana haki. Godiya ta yi ɓul-ɓul a ƙauye, ta yi baƙi, tana ta dukan bayan uwarta da hannu.

"Baba Hedimasta, mun dawo. Kowa lafiya?"

Asabe tana bayana da daro a hannu. Na ji ta daina motsi.

Na ce, "Lafiya lau, Madam. Sai zafi."

Ta kwance goyon ta miƙo mini. Ni na karɓe ta da hannuna, da sauran hoda a tsakanin yatsuna.

Asabe ta yi iyakar ƙoƙarinta, wannan kam shaida ce. Ta goya Godiya tun safe, ta ƙi sauke ta. Amma da rana ta take, tsakar gida ta zama tanda, inuwar mangwaro ta tsuke ta koma kamar faifai, yaran suna ta ihu. Na iso da takardar gwamnati a jaka, na tarar ta tsugunna da su a bayan ɗaki, jaririyar ta yi laushi don zafi. Na ce wannan wane irin rashin tsari ne, a shiga da su ciki. Ta ce, "Malam, yaron nan yana ciki." Na ce an sa shi a lungu, fuskarsa na kallon bango, kuma ciwo ba shi da ƙafa. Aka yayyafa ruwa, aka jera su, aka ja ƙofa saboda ƙuda. Ndagi yana tari a lungunsa, su goma suna barci suna shaƙa.

Laraba ba a kawo shi ba. Aka ce ya tafi Bida wurin kakarsa. Babu uwar da ta gan shi.

Mako guda ya wuce lafiya, har na fara tafiya ina fito a kan keke. Na ce wa Asabe, "Kin gani?" Ta ci gaba da wankinta. Tun ranar Talatar nan ta rage magana da ni, sai "ga abinci", sai "a dawo lafiya".

Ranar Jumma'ar mako na biyu Godiya ta fara zazzaɓi. Ita ce ƙarama, ita ta riga kowa. Kafin Litinin yara biyar sun kwanta. Manyan da aka yi wa allura, da waɗanda suka taɓa yi, ko atishawa ba su yi ba, suna ta rigimar mangwaro. Sauran huɗun sun sha wuya, sun rame, fatarsu ta saɓule, ɗaya ya daɗe kunnensa na ruwa, amma sun tashi. Godiya ce abin ya sauka wa a ƙirji. Numfashinta ya koma kamar ana jan zarto a cikin ɗanyen itace.

Ni na kai su asibiti a kan kekena, Rifkatu a baya da yarinyar a ƙirji, kwalta tana narkewa tana kama taya. Ɗakin yara ya cika, biyu biyu a gado, wasu a ƙasa. Wata nas mai kaurin murya ta tambaya ko ana kai yarinyar cikin yara. Rifkatu ta ce gidan raino, amma can kowa lafiya yake, ita ce ma ta fara. Nas ɗin ta ce, "Wannan ciwo a iska yake tafiya. Yaro ɗaya a ɗaki ya ishi kowa. Kuma ba ya nunawa ranar da aka ɗauka, sai ya yi kwana goma ko fiye. Ina kika kai ta kwana goma, sha biyu kafin ta fara zazzaɓin?"

Na ga Rifkatu tana lissafi da yatsu. Ni ma ina yi a cikin aljihu. Nawa ya tsaya a Talata. Nata ya zarce da kwana ɗaya, ya faɗa ƙauye.

Ta ce, "Ista. Mamata ta yi ta yawo da ita gida gida, tana nuna wa mutane."

Nas ta ce, "To."

Ni na koma bakin ƙofa na tsaya. Masinja ba ya magana in manya na magana.

Kwana huɗu ta yi. Ranar Alhamis da hantsi ta daina jan zarton. Aka binne ta a maƙabartar coci, ƙasa ta yi tauri har sai da aka zuba garwa biyu ta ruwa kafin diga ta shiga, a shekarar da ake faɗa a kan moɗa ɗaya. Ramin bai fi tsawon hannuna ba.

Bayan mako biyu Rifkatu ta zo gidanmu, ta rame, idanu sun faɗa. Na ɗauka ta ji wani abu, har na fara neman inda zan sa fuskata. Sai ta durƙusa a gaban Asabe.

"Mama, ku yafe mini. Ni na kwaso ciwo daga ƙauye na zuba wa 'ya'yan mutane. Na bi gidajensu duka na ba da haƙuri." Ta juyo gare ni. "Baba, kai ka ɗauke mu a keke cikin ranar nan. Da na bar ta a wurinku ban je Ista ba, da tana nan."

Asabe ta dube ni. Shekara ashirin da muka yi tare kafin nan, da talatin da muka yi bayan nan, ba ta taɓa yi mini irin wannan kallo ba. Jira take. Na gyara murya.

Na ce, "Madam, haƙuri za ki yi. Kwananta ne ya ƙare."

Asabe ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari ta sallami yaran da suka rage, ta jingine tabarmin, ba ta sake riƙe ɗan kowa ba har ta koma ga Allah.

Ruwa ya sauka daga baya, da yawa ma, har ya ci katangar maƙwabta. Ana tsakiyar damina, wata Asabar da hantsi, wata tsohuwa ta yi sallama a ƙofarmu, da ƙwarya a kafaɗa irin ɗaukar matan Gwari, ƙafafunta duk laka. Uwar Rifkatu ce. Tun asuba ta taso a ƙasa. Ta sauke ƙwaryar, sabuwar doya ce guda biyar, ta farkon gonarta. Hausarta kaɗan ce, tana yi tana haɗawa da hannu.

Ta ce 'yarta ta daina zuwa gida. Rifkatu ta aika mata cewa ita tsohuwar ce ta kashe Godiya da yawon nuna jika. Tsohuwar ta ce ta bi ƙauyen gida gida, ta tambayi kowace uwa, babu yaron da ya yi ƙyanda a wurinsu, ba kafin Ista ba, ba bayanta ba. Ta faɗa wa Rifkatu, Rifkatu ta ce ƙarya take yi.

"Kai malami ne. Kai ka yi makaranta. Tana jin maganarka. Ka gaya mata ba ni ba ne."

Ta kama gefen rigata da hannu biyu. Hannun duk kanta, irin na mai tulin doya.

Na dubi sama ina shafa haɓa, kamar mai nazari. Sannan na ce, "Mama, irin wannan ciwo ba a sanin inda aka ɗauke shi. Ko likitoci ba su sani ba. Sai Allah."

Ta daɗe tana kallona. Ta saki rigar, ta juye doyar a ƙasa, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Rifkatu ba ta sake taka ƙauyen ba sai ranar da aka je binne tsohuwar, shekara shida bayan haka.

Asabe ta ƙi taɓa doyar. Ta ce ba a tukunyarta ba. Kwana uku tana zube a inda aka juye ta, kaji suna zagaya ta. Shekarar yunwa ce, kuma ni mutum ne da ba ya son ɓarna. Na hura gawayi da kaina a bayan ɗaki, na gasa, na sa manja da gishiri. Ɗaya bayan ɗaya na cinye su biyar ɗin, ni kaɗai. Gari gare ta, fara tas. Tsohuwar ta iya noma.